Kayan Gwari, Gwari-gwari da Gwaranci: Yaushe Kalma Take Zama Zagi?

A Ingilishi akwai wata 'yar kalma, gyp, da ake nufin cutar mutum a ciniki. Masana harshe da dama suna ganin an yanko ta ne daga gypsy, sunan da Turawa suka laƙaba wa al'ummar Roma bisa zaton daga Masar suka fito, alhali tushensu arewacin Indiya ne. Wasu kuma sun ce asalin bai tabbata ba, saboda haka babu dalilin ƙyamar kalmar. Su dai Roma sun bayyana matsayinsu game da sunan tun a babban taronsu na farko da suka yi kusa da Landan a 1971, inda suka zaɓi a kira su da sunan da suke kiran kansu. Wannan muhawara tana da tagwaniya a Kaduna, kuma a ganina an ɗora ta kan tambayar da ba ita ba ce. Asalin kalma ba shi ke yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne aikin da take yi a bakin mutane yau, da kuma ko har yanzu ana jin sunan wata al'umma a cikinta.

A Badarawa, kamar sauran unguwannin arewacin birnin, uwa kan aiki yaro ya sayo kayan gwari, malami ya ce zai yi bayani gwari-gwari, a kuma ce wa wanda maganarsa ta ƙi fita yana gwaranci. Duka ukun suna ɗauke da sunan da Hausawa suke kiran Gbagyi, mutanen da suke zaune a wannan ƙasa tun kafin Turawa su dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kayan gwari tumatir ne da tattasai da attaruhu da albasa. Ko da ta tabbata cewa daga noman Gbagyi sunan ya samo asali, babu wani aibi da ya jingina musu, hasali ma shaida ce ta ƙwazonsu a gona. Gwari-gwari tana tsakiya: mai faɗarta sauƙaƙa bayani yake nufi, sai dai a ƙarƙashinta akwai zaton cewa wani mutum ne ba ya fahimta sai an tauna masa. Gwaranci kuwa ba ta da maɓoya. Ɗafin da ke ƙarshenta shi ne na Larabci da Fulatanci da Turanci, wato sunan harshe ne sukutum aka mayar ma'anar maganar da ba ta da kai. Haka kuma idan aka ce wa yaro bagwari don ya kasa gane lissafi, an ɗauki sunan al'umma an yi ma'aunin rashin fahimta da shi. Baturen da ya ce gyp yana iya rantsuwa bai taɓa jin Roma a cikinta ba; Bahaushe ba shi da wannan uzuri, domin ginin kalmar a harshensa yake.

Inda asalin suna yake da saɓani ma, sau da yawa labarin asalin shi ne zagin. Ana cewa Munci, sunan da aka daɗe ana kiran Tiv da shi, ya fito ne daga amsar da suka ba makiyayin da ya nemi shanunsa. Ko hakan ya faru ko bai faru ba, duk wanda ya furta sunan yana murmushi da labarin yake murmushi, kuma labarin na cin amana ne. Nyamiri, da ake dangantawa da roƙon ruwa a harshen Ibo, ita ma haka take. Sannan a juya lamarin: babu kalmar da ta fi aboki tsabtar asali, amma ɗan Arewan da ke tura baro ko gadi a Legas ya san abin da ake nufi idan an jefe shi da ita. In da asali ne alƙali, da ba mu da bakin kuka a kan wannan.

Za a ce ai wasa ne, kuma ƙasar Hausa ta san barkwanci tsakanin al'ummu: Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarbawa. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin irin wannan wasa ya kashe wutar faɗa da yawa. Amma wasan taubasai yana da sharaɗi: ana yin sa ne a gaban juna, kowa yana da damar ramawa, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da shi. Gwaranci ba ta cika ko ɗaya ba, don ana faɗarta ko babu Bagbagyi a wurin, kuma ba a taɓa neman yardarsa ba. Za a kuma ce niyya ita ce ma'auni. Niyya tana wanke mai magana daga laifin ganganci, amma ba ta hana yaron da ke sauraro koyon cewa sunan wasu mutane daidai yake da duhun kai. Wannan ya fi muni a Kaduna ta yau. Tun rikicin shari'a na 2000 da rikicin da ya biyo baya a 2002 birnin ya rabu kusan bisa layin kogi, har yaro yana iya tasowa a Badarawa ya san kalmar shekaru kafin ya zauna aji ɗaya da mai sunan. Ba zai san cewa Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, daga cikin mutanen nan take ba.

Hujjar da ta fi cancantar amsa ita ce ta masu cewa kowane harshe yana da sunayen da yake ba baƙi, kuma in aka bi wannan hanya sai an sauya Birnin Gwari da Kurmin Gwari. Ban ga tilas ba. Sunan wuri yana adana tarihi, yana ma tunatar da wanda ya riga zama a ƙasar. Sunan al'umma kuwa haƙƙin masu shi ne. Atyap da Bajju da Ham sun nuna sun fi son sunayensu a kan Kataf da Kaje da Jaba, masarautun Atyap da Bajju da aka kafa a 1995 da waɗannan sunaye aka kafa su, kuma ƙananan hukumomin Zangon Kataf da Jaba suna nan ba su hana kowa barci ba. Ga Musulmi ma maganar ba baƙuwa ba ce, domin aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ba ta kuma ce sai an binciko tushen laƙabin ba. Abin da ya dace da gidajen rediyo da marubuta da malaman makaranta shi ne su ce Gbagyi idan mutanen ake nufi, su bar kayan gwari a kasuwa yadda suke, su ce dalla-dalla ko filla-filla a wurin bayani, su kuma ajiye gwaranci da bagwari na zagi gaba ɗaya, tunda Hausa tana da kwaɓa da shirme da sokiburutsu waɗanda ba su taɓa mutuncin kowace ƙabila ba.