Sirdin Fata da Mahayin da Ba Ya Cin Nama

A kasuwar tsofaffin kekuna ta Ingila akwai sunan da masu tara kekunan da suke girmamawa, wato F. H. Grubb. Akan gan shi a rubuce a jikin siraran kekunan tsere na ƙarfe, wani lokaci fentin ya koɗe har sai an kanga shi ga haske kafin a karanta. Mai sunan, Freddie Grubb, kafin ya zama maƙerin keke mahayi ne, kuma ɗan wata ƙungiya ce ta birnin Landan wadda sharaɗin shigarta shi ne mutum ya bar cin nama. Matasan biranen Turai da a yau suke tsince irin waɗannan kekuna suna gyarawa, suna fita yawo tare da abokansu masu ƙaurace wa kayan dabba, da yawansu ba su san cewa al'adar tasu ta haura shekara 130 ba.

An kafa ƙungiyar Vegetarian Cycling Club a 1888, kuma ba banza ta faɗo a wannan shekara ba. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry, mai taya biyu kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya ta baya, wanda ya kori dogon keken nan mai ƙatuwar tayar gaba da ke kayar da mutane ta ka. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya ƙirƙiro tayar da ake hura wa iska a Belfast. Cikin 'yan shekaru keke ya tashi daga abin wasan masu kasada ya zama abin hawan akawu da malamin makaranta, har da mata. Daga cikin irin waɗannan mutane ne masu ƙaurace wa nama suke samun mabiya, tun da aka kafa ƙungiyarsu ta farko a Ramsgate a 1847.

Matsalarsu a lokacin ita ce ana yi musu kallon raunana. Masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya koyar cewa furotin ne makamashin da tsoka take ƙonawa idan tana aiki, jama'a kuma suka fassara wannan da cewa ƙarfi a nama yake. Tun a 1865 wasu masana biyu, Adolf Fick da Johannes Wislicenus, suka hau dutsen Faulhorn na Suwizalan ba tare da cin furotin ba, suka auna abin da jikinsu ya fitar, suka nuna cewa furotin ɗin da suka ƙona bai kai ya biya aikin hawan ba. Amma sakamakon ɗakin bincike ba ya saurin isa teburin cin abinci. Abin da mutumin titi zai yarda da shi shi ne ya ga wanda ba ya cin nama ya wuce mai ci a kan hanya.

Wannan ne aikin da ƙungiyar ta ɗora wa kanta. Shugabanta na farko, Arnold Hills, mutum ne mai ban mamaki: tsohon zakaran gudun mil ɗaya, wanda ya taɓa buga wa Ingila ƙwallo, kuma mai kamfanin Thames Ironworks da ke ƙera jiragen ruwan yaƙi. Mutumin da ba ya son a yanka rago shi ne yake ƙera wa sojan ruwa jirage masu igwa, kuma ga alama abin bai dame shi ba. Ƙungiyar ƙwallon da ya kafa wa ma'aikatansa a 1895 ita ce ta zama West Ham United. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu ƙaurace wa nama ta Landan a lokacin da wani ɗalibin lauya daga Indiya, Mohandas Gandhi, ya shiga kwamitinta.

Yanayin tseren keke a Ingila ya taimaka musu ba da gangan ba. Saboda tsoron 'yan sanda da ƙorafin masu keken doki, hukumar wasan ta hana tseren taro a kan titi a 1890. Sai mahaya suka koma tsere da agogo: kowa ya tashi shi kaɗai, da tazarar minti tsakaninsa da na bayansa, da asuba, sanye da baƙaƙen kaya don kada a lura. A irin wannan tsere babu fakewa bayan wani don kauce wa iska, babu dabarar 'yan ƙungiya. Mutum ne da hanya da agogo, abin da ya rage a ƙarshe kuma lamba ce a takarda. Ga mai neman hujja a kan abinci, babu abin da ya fi wannan. George Olley ya kafa tarihi a manyan hanyoyin ƙasar a farkon ƙarni na 20 da sunan ƙungiyar, wadda daga baya ta buɗe ƙofa ga masu gudu da tafiyar ƙasa ta koma Vegetarian Cycling and Athletic Club.

Grubb ne ya kai sunanta waje. A gasar Olamfik ta Stockholm a 1912 an yi tsere da agogo na fiye da kilomita 300 kewaye da tafkin Mälaren. Rudolph Lewis na Afirka ta Kudu ya zo na ɗaya, Grubb na biyu, ya kuma ƙara lambar azurfa ta biyu tare da tawagar ƙasarsa. A 1914 ya koma mai tsere don kuɗi, ya shiga gasar zagaye Italiya, bai kammala ba. Dokokin lokacin ba su yarda wanda ya karɓi kuɗi ya koma cikin masu yi don sha'awa ba, don haka tserensa ya ƙare, ya buɗe shagon ƙera keke a Brixton da ke kudancin Landan. Bayan rasuwarsa a 1949 kamfanin Holdsworth ya sayi sunan ya ci gaba da buga shi a kan nasa kekunan, abin da ya sa mai saye a yau sai ya bi lambar da aka buga a jikin ƙarfen kafin ya san wane Grubb ne a hannunsa.

Hujja mafi girma ta zo a shekarun 1930, a gasar nisan da mutum zai iya yi cikin shekara guda. A 1936 Walter Greaves na Bradford, mai hannu ɗaya kuma ba ya cin nama, ya yi mil 45,383. A 1939 Tommy Godwin, shi ma ba ya ci, ya yi mil 75,065, wato matsakaicin sama da kilomita 330 a rana, tazarar da ta fi ta Kano zuwa Kaduna. Watannin ƙarshe ya yi su cikin duhun yaƙi, da fitilar da aka rage wa haske. Keken da ya yi mafi yawan tafiyar da shi Raleigh ne, ɗan'uwan baƙin Rali mai birkin sanda da dattawan ƙasar Hausa suka sani, sai dai nasa na tsere ne mai giya huɗu a cikin cibiyar tayar baya. Sai a 2016 aka karya wannan tarihi.

Duk waɗannan mutane nama kawai suka bari. A kan sirdin fata suka zauna, rigar ulu suka sa, wandon tserensu kuma da laushin fata aka yi masa shafi. Kalmar vegan ba ta wanzu ba sai a watan Nuwamba na 1944, lokacin da Donald Watson da wasu 'yan kaɗan suka ware suka ce madara da ƙwai ma daga wahalar dabba suke fitowa, daga baya aƙidar ta haɗa da fata da ulu da siliki. Daga nan ne mai gyaran tsohon keke na yau ya gaji rikicin da Grubb bai san shi ba.

Mafi yawan aikin gyaran babu ruwansa da aƙida. Ƙarfen Reynolds 531, wanda aka fara yi a 1935, yana jure shekaru idan tsatsa ba ta ci shi ta ciki ba. Sai a kwance komai, a wanke boris a sake masa giris, a fitar da ƙusar da ke riƙe hannun feda wadda takan ƙi fita sai da guduma, a canja wayoyin birki. Mai gyaran Raleigh na Nottingham yana da ƙarin ciwon kai, domin kamfanin ya yanka wa wasu sassansa zare 26 a inci maimakon 24 da sauran maƙera suke bi, don haka kayan wani ba sa shiga nasa. Duk wannan haƙuri ne da neman kaya. Inda ake tsayawa a yi shawara shi ne sirdi. Keken Ingila na wancan zamani da sirdin Brooks na fatar saniya aka san shi, kuma kyallen audugar da ake naɗe kan keken da shi akan shafe shi da wani ƙaro da ƙwari suke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan. Masu shirya hawan tsofaffin kekuna, irin su L'Eroica da aka fara a yankin Chianti na Italiya a 1997, suna so keke ya fito da kamannin zamaninsa, kuma ba sa karɓar keken da salonsa ya wuce na 1987.

Mahayan sun rabu biyu a kan wannan. Wasu suna cewa saniyar da aka yi sirdin da fatarta ta mutu shekara 60 da suka wuce, jefar da shi ba ya dawo da ita, sayen sabon na roba kuma ƙarin shara ne. Wasu suna cewa duk wanda ya ga sirdin yana sheƙi a titi zai yi sha'awar sabo, mai hawa ya zama ɗan talla ke nan ba da saninsa ba. Hujjar farko ta fi ƙarfi idan sirdin tare da keken aka same shi. Tana raunana idan sai an je an nemo shi da kuɗi, domin a nan an shiga kasuwar fata ko da ta gwanjo ce. Kamfanin Brooks da kansa ya fito da sirdin Cambium na roba da auduga a 2013, mai siffar tsohon.

Ƙungiyar ta 1888 tana nan har yau. Sharaɗin shigarta bai canja ba, kuma a cikinta akwai masu shan madara da waɗanda suka bar ta.