Keso: adadin da kakanninmu suka ɗinke cikin tabarma

A Gabi, kakata in ta ga an cika wa abu tsada sai ta ce, "Kai, ko keso za a biya?" Na girma ina zaton tsohuwar tabarma take nufi. Sai daga baya na gane keso buhun tabarma ne mai ɗauke da wuri 20,000, babban kuɗin zamanin da.

A watan Janairun 1851 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa, nan cikin jihar Maraɗi ta yau, kan hanyarsa ta zuwa Gazawa da Katsina. A can ya ga ana ƙirga wuri 500,000. Ya ce sarakuna na ɗinke kuɗin cikin buhuna, 20,000 kowanne, amma ba mai karɓa sai ya kwance ya ƙirga da kansa. Ban ga laifinsu ba. Biyar biyar ake jan wurin da yatsu, ashirin ta zama hauya, hauya goma a yi tsibin metan, wani lokaci tsibin dubu.

Da na zauna da alƙalami sai na ga adadin ya dace da wannan aiki ƙwarai. In ka yi ta raba 20,000 gida biyu, sau biyar za ka yi kafin ka tsaya a 625. Ita kuma 625 biyar ce sau biyar sau biyar sau biyar. Wato babu komai a cikin keso sai biyu da biyar, shi ya sa lambobi 30 ke raba shi ba saura. Hauya 1,000 ne cif, tsibin metan 100, tsibin dubu 20. A Kano, shekarar nan, wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa guda, keso ya zama dala 8. Abin da aka ƙirga a Tasawa keso 25 ke nan, dala 200 kacal, amma ya ci wahalar mutum biyar ko shida.

Inda keso ya gaza shi ne uku. 'Yan'uwa uku su gaji keso, kowa ya ɗauki 6,666, wuri biyu su rage a ƙasa. Ina jin an sha yin ka-ce-na-ce a kan biyun nan.

Wuri ya tafi, hannu bai manta ba. Har yau a kasuwar Gabi ba ma ƙirga sefa ɗaya ɗaya, sai dala dala, biyar biyar. Dala metan kuwa ita ce jika, takardar 1,000. Baƙo daga Jibiya in ya ji an ce "ashirin" yakan miƙo abin da bai kai ba, sai an gaya masa ɗari ake nufi.