Tarihin launin ƙasa

Ɗan'uwa mai karatu, ka san launi ya girmi kanti? Tun ba a san fentin gwangwani ba, mutane suna samun launi cikin ƙasa.

A shekarar 2008, masu bincike sun yi tono a kogon Bulombos, a Afirka ta Kudu. Sun iske ɓawon katantanwar teku guda 2. A ciki akwai jar ƙasa niƙaƙƙiya, an gauraya ta da gawayi da garin ƙashi. Wannan aiki ya kai shekara 100,000.

A Faransa kuma, a 1940, wasu samari 4 sun shiga kogon Lasko. Sun tarar da zanen dawaki da shanu a jikin dutse, da ja, da rawaya, da baƙi. Zanen ya yi wajen shekara 17,000, amma launinsa bai gushe ba.

Mi ya sa? Tsatsar ƙarfe ce ke cikin jar ƙasa, ita kuwa ba ta koɗewa. In ka gasa ƙasa rawaya ma, sai ta koma ja.

A ƙasarmu, iyayenmu mata sun san wannan aiki. Su haƙo jar ƙasa ko farar ƙasa, su daka, su tankaɗe, su dama, su shafe ɗaki. Tambayi tsofaffin garinku inda ake haƙo ta. Tunda yanzu ka iya rubutu, rubuta, kada sanin ya bi su kushewa.