Daga Kududdufi Zuwa Tankin Siminti: Kiwon Kifi a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Ƙasar Gwarzo da Kabo, a asalinta, ƙasa ce ta noma da kiwo, wadda ƙoramunta kan cika da damina su ƙafe da rani, saboda haka kifin da magabata suka sani shi ne wanda Allah Ya hore musu a kududdufai da guraben rafi, tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa, ana kama su da koma da taru idan ruwa ya ja baya. Babu mai ciyar da kifi a wancan zamani, balle ya gina masa ɗaki.

Al'amarin ya sauya ne tun daga mulkin Gwamna Audu Bako, 1967 zuwa 1975, lokacin da Jihar Kano ta ɗauki azamar tare ruwa, azamar da farin 1973 ya ƙara wa hujja. A cikin shekarun da suka biyo baya wannan yanki ya sami madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada, sannan ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, su kuwa ya zama sana'ar shekara ɗungum. Daga bisani, da abincin kifi na buhu da 'ya'yan tarwaɗa na ƙyanƙyasa suka wadata, sai kiwon ya shigo gidaje, cikin tankunan siminti da na roba.

A nan ne wata musiba ta bayyana wadda masuntan da ba su san ta ba: mutum ya kwashe kifinsa lafiyayye daga tsohon tanki, ya zuba a sabo mai ruwa garau, kafin mako ya zagayo ya ga suna ƙin abinci suna mutuwa, alhali babu wata cuta a zahiri. Sababin kuwa shi ne, kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, ragowar abinci ma haka idan ya ruɓe, ita kuwa dafi ce gare shi. A tsohon mazauni akwai ƙwayoyin halitta manne da bango da laka da duwatsu, wani jinsi yana mayar da amoniya naitirait, wani yana mayar da naitirait naitiret, wadda illarta kaɗan ce. Sabon tanki ba shi da su, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu; idan simintin ɗanye ne, kaifinsa yana ƙara wa amoniya ƙarfi.

Wannan sirri bai bayyana ga masana ba sai a 1877, sa'ad da Schloesing da Müntz a Faransa suka tabbatar cewa masu rai ne ke wannan aiki, sannan Winogradsky, mutumin Rasha, ya keɓe ƙwayoyin a 1890. Hukuncin ɗaya ne ga masu ajiye kifin teku cikin akwatin gilashi a Turai da Amurka, waɗanda idan za su sauya mazauni sukan ɗauki duwatsu da matatar tsohon akwati da danshinsu, domin bushewa tana kashe abin da ke jikinsu. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, gama Bafulatana ba ta ɗaura kindirmo sai ta ɗiga ragowar na jiya cikin madarar yau.

Mafi yawan masu tankuna a ƙasar nan sun dogara ne ga yawan sauya ruwa, tarwaɗa kuwa tana yi musu uzuri da juriyarta, kasancewar tana shaƙar iska kai tsaye. Amma ruwan burtsatse da man janareta suna da tsada. Wanda ya jiƙa sabon tanki har kaifin siminti ya fita, ya kawo wani abu daga jikin tsohon, ya zuba kifi kaɗan kaɗan, ya kuma tsakaita abinci a makonnin farko, shi ne bisa galibi yake kai kifinsa kasuwa da riba.