Rediyon Kaduna a Zaurukan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Duk wanda ya tashi a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi kafin zuwan wayar hannu, ya san akwatin rediyon nan mai rigar fata da ake ratayewa a zaure ko a rumfar mai shayi. Ya kuma san cewa da wuya a kawar da allurarsa daga wuri ɗaya, wato Kaduna, a kan mita 49. Mun girma da muryar wannan gida har muka ɗauke ta tamkar ruwan sama, ba mu taɓa tambayar mafarinta ba.

Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, a matsayin kamfani aka kafa gidan. A shekarar 1962 ne gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta haɗa jari da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka buɗe kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, mai rediyo da talabijin. Yammacin ƙasar nan ya riga ya buɗe nasa tun 1959, don haka Sardauna ya ga bai kamata Arewa ta riƙa jin labarinta daga bakin wasu ba. Tun da kamfani ne, dole ya nemi kuɗin shiga, sai ya buɗe ƙofa ga tallace-tallace da sanarwa. A ganinmu wannan ne ya kusanto da shi ga talaka, domin mai kuɗin kati ɗaya ma yana iya sa a ambaci sunansa.

A nan ne shirin Zaɓi Sonka ya shiga rayuwarmu. Ƙaura ita ce ƙarshen layin dogo tun 1929, garin gyaɗa da auduga da baƙi, kuma 'ya'yanta sun daɗe suna bin jirgi zuwa Zariya da Kaduna da Ikko. Matashin da ya tafi neman kuɗi ba shi da waya, wasiƙa kuwa sai ta yi makonni a hanya. Amma idan ya aika da kati aka karanta gaisuwarsa, kafin gari ya waye an isar wa tsohuwarsa cewa ɗanta yana nan lafiya. Sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da cigiyar yaro ko dabba duk ta wannan hanya suke bi. Mu da muke zaune a birane yau, iyayenmu da yayyenmu ne suka fara wannan zumunci ta iska.

Ba gaisuwa kaɗai ba. Daga wannan gida ne Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa ranar 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardauna. Ta nan tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan ƙasar Zamfara, ya riƙa isowa daga Masallacin Sultan Bello a kowane azumi, daga baya kuma aka haɗa da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, har ya zama a gida ɗaya akan sami masu jiran wannan da masu jiran wancan. Ga Jakar Magori, ga wasan Samanja na Usman Baba Pategi. Kiɗan ƙasarmu kuwa, irin na Ibrahim Narambaɗa na Isa maƙwabciyar Shinkafi, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, rediyo ne ya fitar da shi daga fada ya kai shi kunnen mutumin Adamawa da na Maraɗi.

Mallakar gidan ta sauya sau da yawa. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 ya zama kadarar haɗin gwiwa ta jihohin Arewa shida. Gwamnatin soja ta karɓe sashen talabijin, sa'an nan a 1978 ta haɗe rediyon cikin hukumar FRCN. Yunƙurin rage nisan zangonsa a lokacin ya gamu da turjiya mai ƙarfi daga Arewa, kuma gidan ya tsira da muryarsa. Sai dai abin da doka ba ta yi ba, tsufan na'urori da tsadar mai sun yi shi sannu a hankali. Gidajen FM masu zaman kansu, irin su Freedom da aka buɗe a Kano a 2003, suka kwashe masu talla, alhali zangonsu gajere ne, birni suke yi wa hidima ba ƙauyukan bakin dajinmu ba.

Mun ga illar wannan giɓi a watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. Makonni muka yi a Kano da Abuja da Legas ba mu san halin da iyayenmu suke ciki ba, sai dai saƙon baka ta hannun direbobi. A can gida kuwa, tsofaffin akwatunan da aka jefa ƙarƙashin gado aka kakkaɓe, aka nemo batir.

Akwai kuma batun faya-fayan da gidan ya tara tun 1962, masu ɗauke da muryoyin makaɗa da malamai da sarakunan yankinmu. Tef ba ya jure zafi da ƙura har abada. Muna ba wa shugabannin wannan ƙungiya shawarar su tura wakilai Kaduna, su binciko abin da ya shafi Ƙaura da Shinkafi da Zurmi a ɗakin ajiyar, musamman ko akwai waƙoƙin Kassu Zurmi, a nemi izinin kwafe su zuwa kwamfuta kafin taronmu na baɗi.