Linzamin Iska: Nazarin Sandar Masu Sulu da Lema a Kan Ruwa

A shekarar 1984, wadda a cikinta aka kammala ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wasu Faransawa biyu wa da ƙane, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi rajistar wata lema da ake hura wa iska kamar tayar keke, yadda ko ta faɗa ruwa ba ta nutsewa. Daga nan wasan sulu da lema ya samo tushe: mutum yana tsaye kan allo, iska na jan sa bisa ruwa. A 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik, aka yi tserensa a gaɓar birnin Marseille.

Abin da ɗan wasa ke riƙewa sanda ce mai tsawon kamar santimita 45 zuwa 55, da rami a tsakiyarta. Igiyoyi huɗu ne ke haɗa shi da lema, kowace mita 20 zuwa 24 a galibi, na zaren Dyneema wanda ba ya cika miƙewa. Biyu suna ɗaure a bakin sandar, dama da hagu, su ne na juyawa. Sauran biyun, na goshin lema, ba su da ruwa da hannu: sukan haɗu su ratsa ramin nan, su ƙare a wani zobe da ake maƙalawa a ƙugiyar ɗamarar da ke ƙugun ɗan wasa. Ke nan ƙugu ke ɗaukar nauyin jan, sanda kuwa zamewa take sama da ƙasa a kan igiyar tsakiya.

Mahayin doki na Wurno ko Rabah zai gane rabin lamarin nan take, domin jan hagu na karkata lema hagu, tamkar kamazuru. Ɗaya rabin ne zai yaudare shi. Doki in an ja linzami sai ya ci birki. Ita lema, in ka jawo sanda jikinka, ka ɗame igiyoyin baya ne, bayanta ya sunkuyo, ta ƙara tarar iska, ƙarfinta ya ƙaru. Mai son sassauci tura sandar yake gaba. Ga shi kuma mai firgita ƙanƙame abin hannunsa yake yi, shi ya sa malaman wasan ke fara koya wa ɗalibi saki kafin riƙo. A ganina nan ne ƙirar ta fi nuna hikima, tunda ƙarfin jan iska yakan ruɓanya sau huɗu in gudunta ya ninka sau biyu. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke fizgar zana ba ya buƙatar lissafi.

In saki bai wadatar ba, akwai kunama a saman zoben, yawanci ja ce. Da an tura ta zoben ya buɗe, lema ta saura rataye da igiya guda, ta baje kamar tuta, ta faɗo ba ƙarfi. An kafa wa wannan kunama ƙa'idar duniya, ISO 21853, a 2020. Babban abokin gabanta yashi ne, shi ya sa ake ɗauraye ta da ruwan daɗi, a kuma gwada ta a tudu kafin a ɗaga lema.