TARIHIN JAN MAGANI DA LAFIYAR ZUCIYA

Yau za mu ba ku tarihin wani maganin ciwon daji, da yadda likitoci suka gane yakan taɓa zuciyar waɗansu.

A shekarun 1950 masana na kamfanin Farmitalia suka ɗebo ƙasa a kudancin Italiya. A cikinta suka sami waɗansu ƙwayoyin halitta masu fid da jan launi, daga gare su aka samo daunorubicin, maganin sankarar jini. Ya yi aiki ƙwarai, amma a 1967 likitoci a birnin New York suka ba da labari cewa zuciyar waɗansu yara da aka yi wa allurarsa ta gaza. A 1969 aka fito da ƙanensa, doxorubicin, watau Adriamycin, wanda ake yi wa masu sankarar nono da wasu iri. Shi ma ya gaji halin wansa.

To, ga likitoci gaba kura baya siyaki. In an bar magani ciwo ya kashe, in an yawaita zuciya ta raunana. Sai suka shiga lissafi. A 1973 Likita Lefrak da abokansa suka nuna ɓarnar tana bin jimlar abin da mutum ya samu tun daga allurar farko. A 1979 Likita Von Hoff ya duba takardun mutum wajen 4000. Ya tarar a miligiram 400, bisa awon faɗin jiki, 3 cikin 100 ne zuciyarsu ta gaza, a 550 mutum 7, a 700 kuwa 18. Binciken 2003 ya nuna haɗarin ya fi haka, shi ya sa likitoci suka ƙara tsantseni. Dalili kuwa, naman zuciya in ya mutu ba ya tofowa.

Saboda wannan aka sa wa maganin iyaka, kuma akan duba zuciya da na'ura kafin a fara. A 1995 Amurka ta yarda da dexrazoxane don kāre ta.

Saboda haka kada tsoro ya hana kowa karɓar magani, gama yawancin mutane zuciyarsu lafiya lau. Amma a adana katin asibiti. Wanda ya ga yana haki, ko ƙafafunsa na kumbura, ko ba ya iya kwanciya rigingine, ko da bayan shekaru ne, sai ya hanzarta wurin likita da katinsa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.